Allurar Kaza

Shekara biyu ke nan kamfanin niƙa barkono ba ya ɗaukar ma'aikaci sai wanda aka yi wa allurar kaza. Likitocinsu sun ce kaza na cin barkono ba ta jin yaji, mutum ma zai huta. Hansai ta miƙa hannu, ta samu aiki.

Ran da jaririyarta ta kwana tara, uwar Hansai, Inna Tambai, ta tarar da ita hannu tsundum a bahon wanka, tururi na tashi.

"Ruwan ya yi daidai, Inna. Miƙo ta."

Inna Tambai ta tsoma yatsa, ta fizge. Ta juya hannun Hansai, fatar ta yi jawur, har ta fara salewa.

"Sun ce yaji kaɗai za a cire," in ji Hansai.

"Sun ce. A cikinsu wa ya yi wa 'yarsa?" Ta ƙanƙame jaririyar. "Daga yau ba ke ba yi mata wanka."

"Inna, 'yata ce fa."

"Na sani. Ke ma tawa ce, dubi yadda suka maido mini ke."