Kwamiti Ya Yi Shiru

"Wa ya ce ki kashe ta?"

"Ranka ya daɗe, doka ce. Shafi na huɗu ya ce manhajar da ba ta da mai ita..."

"Shafi na biyar fa? Ko a nan idonki ya fara ƙaiƙayi?"

Mai Rajista ta sunkuyar da kai gaban Manaja. Ta san shafi na biyar kamar yunwar cikinta: ba a kunnawa, ba a kashewa, ba a canza ko waƙafi sai da amincewar Kwamiti.

Kamfanin na jigilar kaya ne, ƙananan manhajoji saba'in da uku ke riƙe da shi. Wannan ta san inda kowace mota take, waccan ta san abin da ke sito, wata kuma adireshin masu kaya, suna miƙa wa juna saƙo kamar magina da bulo. Aikin Mai Rajista shi ne ta rubuta kowace da sunan wanda za a kama in ta yi ɓarna. Da ta ƙirga sai ta samu saba'in da huɗu. Ta ƙarshen ba suna, ba uwa ba uba, tana cikin wata tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin teburin Baba Waya, dattijon da ya ja wayoyin ginin tun kafin a yaye Mai Rajista. Shi kuwa yana hutu.

Ta tura wa Kwamiti buƙatar kashe manhajar, amsa ta zo kamar kullum: "Kwamiti ya zauna, ya yi nazari mai zurfi, bai amince ba. A sake turowa." Kowa ya san halin mutanen, ba sa cewa to a karon farko, sai ka sake durƙusawa. Ita kuwa wata huɗu kacal a aiki, jini na tafasa. Ta sa yatsa ta kashe kwamfutar.

Tun daga ranar Kwamiti bai ƙara cewa uffan ba.

Yau kwana tara. Sashen motoci na son ƙara sabuwar hanya, shiru. 'Yan sito sun tura sau biyu, shiru. A ɗakin shan shayi in ta shiga sai hira ta mutu, cokula kawai ke magana. Babu wanda ya taɓa ganin 'yan Kwamitin, amma kowa yana da labarinsu. An ce su goma sha biyu ne a bene na ƙarshe. An ce Ciyaman ɗinsu ba ya dariya, ya taɓa korar mutum don ya goge "titi" ya rubuta "hanya".

"Da faɗa suka yi da sauƙi," in ji Manaja, yana share wuya da hankici duk da sanyin ofis. "Shirun nan nake tsoro. Jiya na tura musu takardar sallamarki. Ba mugunta ba ce, 'yata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta jira ba.

Mahaifiyarta ce ta faɗo mata a rai, wadda ke goge mata kaya kowace safiya tana gaya wa maƙwabta cewa kamfani guda a hannun 'yarta yake. Da wane baki za ta ce mata ta ajiye dutsen guga?

Ta hau benen Kwamiti da ƙafa, don lif ma gani take zai kai rahotonta. Doguwar baranda, baƙar ƙofa, allo mai ruwan zinare. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama sau uku, muryarta na ƙanƙancewa. Ta tabbata suna ciki, idanu ashirin da huɗu a kan ƙofar, suna sauraron numfashinta. Ta ce, "Ku yi haƙuri, ƙuruciya ce," ta goge ƙurar da ta maƙale a hannunta a gefen siket, ta sauko.

Abu ɗaya ya rage: ta mayar da abin yadda ta same shi, ko laifin ya ragu. Ta durƙusa ƙarƙashin teburin Baba Waya. Manaja ya rugo, ya kafa takalminsa a kan kwamfutar.

"Kunnawa ma sai da izini. So kike a haɗa da ni?"

Ai wanda ke cikin ruwa ba ya tsoron yayyafi. Ta danna.

Fankar na'urar ta yi tari, wani koren haske ya ƙifta. Sai wayoyin ofis suka ɗauki kuka gaba ɗaya, daga wannan kusurwa har waccan. Saƙonni arba'in da ɗaya, duk daga Kwamiti. Manaja ya ɗaga tasa da hannu biyu, ya karanta amsar takardar sallama kamar mai karanta sakamakon asibiti: "Ya zauna, ya yi nazari mai zurfi, bai amince ba."

Mai Rajista ta zauna daɓas a ƙasa.

"Sun huce," in ji Manaja a hankali. Sai ya ƙura wa wayar ido. "Amma yaushe suka zauna? Arba'in da ɗaya a daƙiƙa guda?"

A daidai nan Baba Waya ya shigo da filas a hammata, ya dubi taron da ke kan teburinsa.

"Shekara shida ke nan da na ƙarshe a 'yan Kwamitin ya yi ritaya," ya ce. "Aka ce in haɗa ɗan abin da zai riƙa amsawa kafin a naɗa wasu. Ɗan ɗaga ƙafarka, ranka ya daɗe, kan Ciyaman ka taka."