Kwatancen Gidan Malam Mamuda

Wayar Gloria ta yi ƙara tana tsakiyar cin abinci a ofishin jaridarsu da ke Kaduna.

"Ke ce kika rubuta labarin Malam Mamuda na Birnin Gwari? Wanda ya cika rumbunansa da masara ba takin zamani, sai kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Mun ji an karanta a rediyo. Mu ma manoma ne, so muke ya koya mana. Ta ina ake bi?"

Daɗi ya kama ta. Ta daɗe tana rubutu kan noma, ba wanda ya taɓa kiranta. Ta yi masa kwatance tiryan-tiryan: a wuce Kutemeshi, a tsallake rafi, gidan da ke gindin ɗorawa. Mutumin ya yi godiya, ya ce suna tafe kafin magariba.

Nan take ta kira manomin. "Baba, albishirinka! Kana da baƙi yau, masu son koyon aikinka."

"Su wa ke nan, 'yata?"

"Af, ban tambayi sunansa ba. Bari in karanto maka lambarsa."

Ba ta kai ƙarshe ba, tsohon ya ƙarasa mata sauran da kansa.

"Ashe ka san shi, Baba?"

"Lambar ɗana Isiya ce. Da wayar a aljihunsa 'yan bindiga suka shige da shi daji bara." Ya yi ƙasa da murya. "'Yata, me kika gaya musu?"