Ƙashi Na Shida

"Biyar ake yi, Baba. 'Yarka shida gare ta."

Likitar gashin ƙashi ta ɗaga hoton ƙashin bayan 'yata wajen taga, tana ƙirga ƙasusuwan ƙugu da biro. Ta ce zaman keken ɗinki ne ya jawo ciwon. Ƙarin ƙashin kuwa da shi aka haife ta, ba ya komai.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Saura mako uku bikinta, ga shi shekarar da soja suka koma bariki, ko a coci wa'azin gaskiya ake ta yi. In na ɓoye, surukai su gano. In na faɗa, su fasa. Kwana huɗu tuwo bai wuce mini ba.

Na naɗe hoton a jarida, na nufi Kakuri wurin uban ango, Ibo mai sayar da kayan gyaran mota.

"Oga, gara ka ji daga bakina. Yarinyar ta fi mutane ƙashi ɗaya."

Ya ƙirga sau biyu, fuskarsa ta canza. Ya ce in je gida, zan ji daga gare su.

Ranar Asabar sai ga shi da matarsa, ango na biye da kai a sunkuye. Uban ya miƙo mini babban ambulan na hoton ƙashi da hannu biyu.

"Suruki, mun kai namu yaron an duba. Biyar ne cif, ko safaya babu. Za ku karɓe shi a haka?"