Matakalar da Primus Ya Sassaƙa

Wani mai doguwar hula ya tofa yawun taba a kan matakalar, Primus yana kallo. Ransa ya yi baƙi ƙirin. Shi ya sassaƙa dutsen nan, shi ya goge shi da yashi har fatar tafinsa ta saɓule. Ko wata guda ba a yi da buɗe sabuwar kotun birni ba, har an fara mai da ƙofarta juji.

Jama'a sun cika dandali maƙil, kamar kowace Litinin ta farkon wata a wannan yanki na Carolina ta ƙasar Amurka: manoma, masu kantuna, dillalan shinkafa da auduga. Idon kowa yana kansa, shi kaɗai a matakalar sama, cikin sabuwar rigar da aka ba shi da safe.

Marigayi Mista Tillery, ɗan kwangilar ginin, shi ya yi masa alkawari tun ana haƙa tushe. "Primus, idan aka gama, a can sama za ka tsaya, duk garin nan ya ji sunanka." A kan wannan magana ya kwashe rani da damina yana dukan dutse. Yatsunsa biyu ma suna ƙarƙashin ginshiƙin hagu, can suka zauna.

Da aka gama sai aka manna allon tagulla mai ɗauke da sunaye a bango. Primus bai iya karatu ba, amma matarsa Sukey ta ji ana karantawa. Akwai sunan alƙali, akwai na magajin gari, har da na mai zanen ginin da ko tsakuwa bai taɓa ɗagawa ba. Na Primus babu. Ana cikin haka Tillery ya kwanta dama bai bar wasiyya ba, 'ya'yansa suka kaure da rigimar gado har gaban alƙali.

Ga Sukey can ƙasa, a tsaye kusa da alfadaran marigayin da kujerunsa, ta ƙi ɗago kai.

Wani mai tumbi ya hau yana nishi, ya kama hannun Primus yana jujjuyawa.

"Kai ne gwanin da ake faɗa? To ina sauran yatsun, tsoho?"

"Suna riƙe da rufin da ke kanka, yallaɓai."

Mutumin ya tuntsure da dariya, ya bubbuga kafaɗarsa ya sauka. Primus ji ya yi kamar ya bi shi ya shaƙe, amma ya cije.

Sankiran kotu ya kaɗa ƙararrawa, dandali ya yi tsit.

"Jama'a, ga Primus! Primus magini, wanda ya ɗora duwatsun ginin nan tun daga tushe!"

Ya sake faɗa da ƙarfi, har masu sayar da kifi a bakin kogi suka ji. Alkawari dai ya cika, garin ya ji sunansa. Primus ya kalli Sukey, idonsa ya kaɗa ya yi jajir.

Sankira ya gyara murya. "Bawan marigayi Tillery ne, kotu ta ce a sayar da dukiyarsa a raba wa magada. Shi daban za a sayar, matar kuma sai bayan alfadarai. Wa zai fara tayi?"