Gwiwar Kande

Tun da aka hana sa gwiwar ƙarfe, guringuntsin mamaci ake dasa wa mai rai, kuma jiki ya fi karɓar na abokin zama. Shi ya sa Malam Lawwali, tsohon malamin tarihi, yake yawo da na matarsa Kande, wata shida bayan rasuwarta.

Da hantsi ya koma wurin likitar da ta yi masa aikin.

"Baba, gwiwar ciwo take yi?"

"Ciwo ai mun saba. Durƙusawa take yi, 'yar nan. Jiya na ɗauko kwanon tuwona, ina isa gaban kujerata sai ga ni a ƙasa. Ran Juma'a yayana ya shigo, na zube masa kamar sabuwar amarya."

Likita ta danne dariya. "Yakan faru. Shekara nawa kuka yi tare?"

"Arba'in da ɗaya."

"To, sai dai mu cire. Amma abin da aka cire binnewa ake yi."

Ya daɗe yana shafa tabon ɗinkin. Bai taɓa sanin durƙuso yana da zafi haka ba, Kande kuma ba ta taɓa faɗa ba.

"Bar ta," ya ce, yana laluben sandarsa. "Na binne ta sau ɗaya, ya ishe ni."