Motar Baba Tahidu

Ganiyu yana ƙarƙashin wata tasi lokacin da Baba Tahidu ya shigo garejin da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya taka birki sai da ya kusa ture bokitin baƙin mai. Bai ko fito ba ya fara magana, da muryar da ta isa har wajen masu sayar da koko a bakin titin Sabonjida. Ya ce motar ta zama jaki, yara masu babur suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Yana so a ƙara wa turbonta ƙarfi, a buɗe mata mai, ta koma yadda take a zamanin da yake zuwa Yendi kafin shayinsa ya huce.

Ganiyu ya ce, "To, Masta." A hannun dattijon nan ya koyi aiki shekara tara, kuma ko yanzu da furfura ta fara fito masa ba ya zama in Masta yana tsaye.

Washegari da hantsi Adizatu ta zo, 'yar Baba ta fari, malamar firamare a Gumbihini. Ta ja shi bayan gareji ta ce idon Baba ya tafi, da rana ma inuwar mutum yake gani. In aka ƙara wa motar nan gudu, gawa za su ɗauko. Ta roƙe shi ya sassauta sandar da ke riƙe da iskar turbo, ya rage man da famfo ke turawa, sannan ya huda salansa don ƙara ta rufe asiri. Ta jero su tiryan-tiryan, idonta a sama kamar mai ba da hadda. Ganiyu ya rantse mata ba zai faɗa ba.

Haka ya yi. Motar ta fito tana ruri kamar za ta tashi sama, amma in ta yi tsere da akuya mai ciki sai an duba da kyau kafin a san wanda ya ci. Baba ya zagaya unguwa sau ɗaya, ya dawo ya dafa kan Ganiyu a gaban jama'a ya sa masa albarka. Tun daga ranar tuwo ya daina yi wa Ganiyu daɗi. Duk wanda ya zo da mota sai ya ce a yi masa irin aikin Baba, shi kuwa sai ya ce kayan sun ƙare.

Bayan wata biyu aka bugo daga Yendi cewa Alhaji Osman, ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu. Za a yi masa sutura da an sallame azahar.

Mutanen Sabonjida suna da al'adarsu a tafiyar jana'iza: motar babba ce a gaba, kuma ba a wuce ta. Ko taya ta fashe, kowa tsayawa yake. Mota biyar da babura suka jeru a bayan Baba, Ganiyu yana cikin ta uku. Ya so ya ce a bar shi ya tuƙa Masta, ya buɗe baki, ya ga yadda dattijon ya riƙe sitiyari, ya rufe.

Titin Yendi ranar fayau yake. A-kori-kura tana ihu, ƙauyuka suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Wani mai keke ya jera da su har kusan garin Sang. Direban motar da Ganiyu yake ciki ya yi ta duban agogo yana tsaki, yana tambayar Ganiyu ina ƙarfin da aka ce ya sa. Ganiyu ya ce wataƙila mai ne ba kyau. Ita ce ƙaryarsa ta goma sha wani abu, kuma ta fi sauran ɗaci.

Sun isa ana dawowa daga maƙabarta. Baba ya tsaya gaban sabon kabari, ya tsuguna ya shafa ƙasar da tafin hannu. Ganiyu ya kasa matsowa. Ya raba mutum da ganin ƙarshe na fuskar ɗan'uwansa da sifana lamba goma, kuma mutumin ya sa masa albarka a kai.

Kwana uku yana jan ƙafa. Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, da jama'a suka watse, ya sami Baba shi kaɗai a zaure. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya faɗi komai: sandar, famfon, hudar salansa. Sunan Adizatu kaɗai ya haɗiye, ya ce shi ya ga dama. Ya ce in Masta ya tsine masa, ya cancanta. Ƙato da gemu yana sharar hanci da hannun riga.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Da ya ɗago, ya kalli wajen da yake zaton fuskar Ganiyu take, amma kallon ya kauce kaɗan.

"Ganiyu, injin da na shekara talatin ina saurara, kai za ka ɓoye mini muryarsa da rami a salansa?" Ya ajiye carbin. "Tashi ka share hancinka. Da bakina ba zan iya gaya wa wanda na koya wa riƙe sifana cewa titi ya fara ba ni tsoro ba. Kafin in kawo maka motar, kwana biyu cur na yi ina koya wa Adizatu abin da za ta faɗa maka."