Hoton Baba da Kod Ɗin Aro

A gidansu Injiniya ake kiransa, ko da yake bai gama koyon rubuta manhaja ba. Yana da shafi a intanet, kullum da safe sai ya saka guntun kod, wato ɗan rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, ya haɗa da shawara ga masu koyo. Mabiyansa su yi ta zuba yabo: "Allah ya ƙara basira, Malam." Shi kuwa kansa sai ƙara kumbura yake.

Abin da ba su sani ba, mai karatu, yawancin abin da yake sakawa tsintowa yake a shafukan wasu. Ya kwafo, ya canza kanu, ya ɗora. Gwadawa? Ina! Ba shi da wannan lokacin.

Yayarsa mai ɗaukar hoto ce. Tana da ɗan shago a bakin titi, mai shuɗin labule da kujera ɗaya da ƙafarta ke rawa. Kwamfutarta ta cika maƙil da hotuna, har da na mahaifinsu da ya rasu bara, waɗanda ta ɗauka a watanninsa na ƙarshe. Babu su a ko'ina sai a nan. Mama ta daɗe tana roƙon a wanke mata guda ɗaya babba, wanda Baba yake dariya a ƙofar gida riƙe da rediyonsa, ta rataye a ɗaki.

Wata safiya Injiniya ya saka a shafinsa: "Kwamfutarka ta cika? Ga kod da zai goge duk hoton da ya maimaitu. Kwafa, liƙa, danna. Na gwada, lafiya lau!"

Yaya ta gani. Ta ce a ranta ai ƙanena ne, ba zai cuce ni ba. Ta bi umarnin tiryan-tiryan.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. "Zo shago yanzu," in ji Yaya. Muryarta ba daidai take ba.

Ya same ta tsaye, tana buɗe folda bayan folda, wato ma'ajiyar hotuna a kwamfuta. Wata hoto uku, wata wayam. Wadda aka rubuta wa "Baba" ba komai a ciki.

"Ka ce wanda ya maimaitu zai goge. Yaushe Baba ya maimaitu?"

"Kwantar da hankalinki, Yaya, ƙaramin abu ne," ya ce, ya ja kujera. Ya duba kwandon sharar kwamfutar, babu komai. Ya buɗe kod ɗin ya zuba masa ido. Layi na farko ya gane, na biyu da ƙyar, daga nan kuma kansa ya ɗaure.

"Me kod ɗin ya ce?" in ji Yaya.

"Ina zuwa."

Ya shiga shafinsa da sauri ya nemi taimako, yana cewa wai wani abokinsa ne abin ya samu. Amsoshi suka yi ta shigowa, kowa da tasa. Wani ya ce a kashe kwamfutar nan take. Wani ya ce kul, kada a kashe. Wani ya ce shi ma rabin hotunansa sun tafi, ina mafita? Wani kuma ya tambaya, "Malam, ba kai ka ce ka gwada ba?"

Wata mabiyiyarsa ce ta yi bayani. Kod ɗin suna kawai yake dubawa, ba ya duba hoton. Ita kuwa kyamarar Yaya, duk lokacin da aka share katin da take ajiye hotuna a ciki sai ta sake ba hotuna lamba daga ɗaya. Saboda haka hoton Baba da na wani ango da na wata jaririya duk sunansu ɗaya. Kod ya bar na farko, ya goge sauran har abada. Ta ƙara da cewa, "Kada a taɓa komai, a kai wa mai gyara."

Amma Injiniya ya riga ya rikice, ga kunya. Kafin ya karanta saƙonta har ƙarshe, ya sauke manhajoji uku na dawo da hotuna a kan kwamfutar, ya liƙa wani kod da wani ya turo, wanda shi ma bai fahimta ba.

Da yamma suka kai kwamfutar wurin mai gyara, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce da an bar ta yadda take, da ana sa rai. Yanzu sababbin abubuwan da aka sauke sun hau kan gurbin tsofaffin. Yaya ta ɗauki jakarta ta yi gaba, Injiniya yana binta a baya.

A gida suka tarar Mama ta sa an kafa ƙusa a bango, daidai saman kujerar Baba. Yaya ta faɗa mata abin da ya faru. Mama ba ta gane ba, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"To, ba kai ka rubuta abin ba? Ka ce masa ya dawo da su mana."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Mama, ba ni na rubuta ba. Ban ma san abin da yake cewa ba."

Mama ta daɗe tana kallon ƙusar. Sannan ta ce a hankali, "Ku bar ta a nan, kada wanda ya cire."

Mai karatu, kada ka yaɗa kod ɗin da ba ka gwada ba, kada kuma ka danna wanda ba ka fahimta ba, ko da ɗan'uwanka ne ya ba ka. Abin da ba ka da madadinsa kuwa, ajiye kwafinsa a wani wuri tun yau.